Famasin da nake siyo wa Umma magani, da rigimarsu a kan maganin tari

Masu tambayata inda nake siyo wa Umma maganin hawan jini tunda muka daina zuwa kemis ɗin bakin layinmu, toh ga bayani, amma dan Allah kar a ce in kama sunan shagon saboda akwai maganar 'yar uwata a ciki kuma unguwa ɗaya muke. Famasi ne na gaske a nan cikin Kano, ba irin wanda za ki tarar da yaro yana danna waya yana miƙo miki duk abin da kika ambata ba tare da ya ɗago kai ba. Takardar rajistarsu ta PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, tana maƙale a bango inda kowa zai gani, mai shagon kuma famasist ne, mutane na ce masa dakta shi kuma kullum yana gyarawa, wai shi magani ya karanta ba likitanci ba.

Wajen kaya ba ni da abin cewa. Akwai firij a kan sola saboda insulin, ana ba da rasit ko ba ki tambaya ba, kuma amlodipine ɗin Umma na kamfani ɗaya suke ba mu duk wata, in ya yanke sai an faɗa miki kafin a canja miki da wani, ba wai sai kin je gida ki ga kwali ya canja kala tsohuwa ta ƙi sha ba. Awon BP kyauta ne in kin yi siyayya. Tsada kam akwai ta, kusan komai sai kin ga ƙarin ɗari biyu ko uku a kan kemis ɗin cikin unguwa, bashi kuwa ko a fuska ba sa bayarwa, sannan bayan magariba layi ne sosai ga POS ɗinsu da shegen ɗauke netwok.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne yadda suke da maganin tari. Ba ya kan kantar gaba, yana can baya ta gefen mai shagon, kuma in kin ce a ba ki sai kin amsa tambaya. Wa ke tarin, yaushe ya fara, busasshe ne ko da majina, akwai zazzaɓi da gumin dare? In kin ce ya wuce sati biyu ma ba zai sayar ba, cewa zai yi a je a yi gwajin tarin fuka tunda kyauta ne a asibitin gwamnati. Na sha ganin samari sun fita suna tsaki wai mutum da kuɗinsa sai an yi masa tambayar kabari, ni kaina da can ina ganin tsirfa ce kawai irin ta 'yan boko.

Akwai 'yar gwaggona da ta dawo wajenmu bayan aurenta ya mutu, yarinya mai hankali wallahi, ba ta da rawar kai ko kaɗan. Tunda ta dawo ba ta bacci, da ta kwanta sai gabanta ya riƙa faɗuwa, ƙirji ya yi nauyi, hannu ya yi sanyi, tana jin kamar yanzu za a aiko da mugun labari. An ce olsa ce an sha maganin olsa, an ce iska ce an yi ruƙiyya an yi hayaƙi. Ashe a gidan wani biki wata ƙawarta ta tsiyaya mata sirop a cikin robar lemo ta ce sha ki ga yadda za ki yi bacci ki manta da shi da danginsa, kuma ta yi baccin, daga nan shikenan. Na aike ta karɓo maganin Umma sai ta haɗa da nata, ta ce a ba ta maganin tari kwalba biyu, mai sa bacci ɗin nan. Mai shagon ya kalle ta ya ce, “Ƙanwata, tunda kika shigo ban ji kin yi tari ba, wa za a ba?” Ta ce na gida ne. Ya ce, “To in kin ce na gida ne na yarda, amma in ke ce ba kya bacci ki faɗa min, don akwai abin da ya fi wannan.” Ta ce min a wajen ta fara hawaye, ya sa yaronsa ya ci gaba da sallamar mutane, ya ja mata kujera gefen firij ya auna ta, bugun zuciyarta ya yi sama sosai.

Abin da ya fi burge ni, bai taɓa faɗa min ba. Na je shagon bayan nan muka gaisa, ya tambayi jikin Umma, ko alama bai nuna min ba, sai da ita da bakinta ta same ni a ɗaki ta ce Yaya ina da magana, ta buɗe ƙasan akwatinta na ga kwalabe a naɗe cikin tsohon ɗankwali. A garin nan da mai kemis zai ba da labarinki a majalisa kafin ki kai gida, wannan kaɗai ya isa in ci gaba da kai musu kuɗina.

Da muka koma tare ya yi mana bayani, kuma na ƙaru, don ni a tunanina tunda gwamnati ta hana kodin an gama da matsalar. Kowa ya tuna 2018 da BBC ta fitar da binciken nan nata a kan shan maganin tari mai kodin, nan da nan a farkon watan Mayu ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, kafin nan ma a majalisar dattawa an yi maganar cewa kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum a Kano da Jigawa. Amma kodin ɗin bai ɓace ba, ƙarƙashin kantar shaguna ya koma kuɗinsa ya ninka, waɗanda ba su da halinsa kuma suka koma kan wanda aka halatta, mai dextromethorphan ko diphenhydramine, ku duba jikin kwalba za ku ga an rubuta. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da tallafin UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya fito a 2019 ya ce mutum miliyan 2.4 ne ke shan maganin tari ba don tari ba a Najeriya, kuma a wannan fannin mata ba su bar wa maza ba, kusan kunnen doki ake. Ni dai ban yi mamaki ba, duk wadda ke zuwa biki ta san robar lemon da ba a ajiyewa a ƙasa.

Ga yadda ya warware mana. Kodin in ya shiga jiki hanta ce ke juya shi ya zama morphine, shi ya sa ake jin wannan sanyin da natsuwar, amma jiki yana saurin sabawa, abin da murfi biyu ya yi miki a farko sai rabin kwalba, daga baya kwalba guda, alhali kwalbar mil 100 ce kuma mai tari na gaske mil 5 zuwa 10 ake ba shi. Da ya fara sakinki kuma sai hamma, gumi, ciwon gaɓɓai, gudawa, rashin bacci da fargabar da ta fi ta farko, sai ki ɗauka ciwonki ne ya ƙaru ki koma ki ƙara, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Haɗarinsa babba shi ne yana rage numfashi, in aka haɗa da roci ko diazepam ko tramol mutum na iya kwanciya bacci numfashin ya tsaya, a wayi gari a ce ai lafiya lau ta kwanta.

Na halak ɗin ma ba wasa ba ne in an wuce ƙa'ida. Dextromethorphan da yawa yana sa zuciya gudu, jini ya hau, kai ya juye har mutum ya riƙa ganin abin da babu, wato ainihin abin da mai faɗuwar gaba ke tsoro shi za ta siya da kuɗinta. In kuma tana shan tramol ko maganin damuwa irin su fluoxetine, haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi mai zafi da karkarwa da sandarewar jiki, sai an kwasa zuwa imajensi. Diphenhydramine shi ne mai sa baccin, amma kwana kaɗan jiki ke sabawa baccin ya daina zuwa, sai bushewar baki da wahalar fitsari, in ya yi yawa har jijjiga da rikicewar bugun zuciya. Wasu na mura kuma akwai parasitamol a ciki, mai ɗaga kwalba ba ta san tana gasa hantarta ba. Ga suga kamar me, ita tamu har haƙorinta na gefe ya fara rami.

Bai ba ta wani maganin bacci a madadi ba, ko da ta roƙa, ya ce wannan aikin likita ne kuma wadda ta jima tana sha bai kamata ta yanke ita kaɗai a ɗaki ba. Ya rubuta sunan abubuwan da take sha a 'yar takarda ya ce mu kai sashen masu matsalar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, kuma a duba jininta da maƙogwaro, don ƙarancin jini da matsalar thyroid su ma suna kawo bugun zuciya, ya kuma ce ta rage shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari da yamma. Da Umma ta ji an ambaci Dawanau sai da ta yi salati ta ce 'yar tawa ba mahaukaciya ba ce, da ƙyar muka lallaɓa ta, kuma da muka je asibiti mutanen da ke kan benci ba wanda za ki nuna ki ce ga mara lafiya, 'yan kasuwa ne da ɗalibai da matan aure da hijabansu fes. An ɗora ta a kan magani, an gaya mata sai ya yi makonni kafin ta ji canji, ana kuma zama da ita ana magana. Satin farko ta sha wuya ba kaɗan ba, yanzu Alhamdulillah tana bacci, ba kullum ba amma tana yi, addu'o'inta na kwanciya kuma ba ta bari ba.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne wajen zama. Kujerar nan gefen firij ba sirri ba ce, taku biyu ne tsakaninta da masu layi, ita ta ci sa'a lokacin da rana ne ba mutane sosai, amma da bayan magariba ne na tabbata haɗiye maganarta za ta yi ta wuce kemis na gaba, wanda zai ba ta ko katan ta ce. Sannan duk ma'aikatan maza ne, matar aure da yawa ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa namiji cewa tunda aka yi mata kishiya ba ta runtsa ba. Na faɗa masa ya yi labule ko ya yanka ɗan lungu da katako, ya kuma nemo mace ko da ta yamma ce kawai, ya ce Hajiya ana kan nema, haya ce ta yi tsada. Har zuwa wancan watan dai ban ga labulen ba. Mai son magana da shi a natse ta je tsakanin azahar da la'asar, ranar Juma'a kuma suna rufewa sai an sauko daga masallaci, kuma ta tafi da kwalbar ko kwalin abin da take sha don sai ya karanta jikinsa kafin ya ce komai.