Buɗa hanyar iska ko yanke wurin da ya tsuke

Wanda ya daɗe da bututun numfashi a maƙogwaro, tabo na iya tsuke masa hanyar iska bayan 'yan makonni, har a ɗauka asma ce. Likita na iya zura balan-balan ya buɗa wurin cikin sauƙi, sai dai tsukewar takan dawo, majinyacin da ke Daura, alal misali, ya yi ta zirga-zirga zuwa asibiti a Katsina.

Tiyata kuwa, yanke guntun da ya lalace ake yi, a haɗa bakunan biyu, wani lokaci a ɗinke haɓa da ƙirji kusan mako guda don kada wuya ya miƙe. Ta fi wahala, amma a ganina ita ta dace da mai ƙarfin jiki idan tabon gajere ne kuma ya taurara, domin sakamakonta ya fi ɗorewa.