Ceph a kan sabar uku: abin da na gani bayan fiye da shekara guda

Bayan da kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, kamfanin da muke amfani da manhajarsa wajen gudanar da kwamfutocin kwaikwayo, a watan Nuwamba na 2023, ya kuma daina sayar da lasisi na dindindin, ofishin da nake kula da kwamfutocinsa ya yanke shawarar komawa Proxmox VE, manhaja mai irin wannan aikin da wani kamfani na ƙasar Ostiriya yake fitarwa tun 2008. Ƙaurar kanta ba ta ba mu wuya ba. Abin da ya ci mana lokaci shi ne inda za mu ajiye bayanan kwamfutocin kwaikwayo, wato waɗanda suke gudana a cikin sabar (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) tamkar masu cin gashin kansu, ta yadda idan sabar ɗaya ta mutu, wata za ta tashe su ba tare da an rasa komai ba. Muka zaɓi manhajar ajiyar bayanai ta Ceph, domin tana nan a cikin Proxmox, kuma ba a biyan kuɗin lasisi a kanta.

Ceph ta samo asali ne daga binciken digirin digirgir na Sage Weil a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, wanda ya kammala a 2007. Tana haɗa faya-fayan da ke cikin sabar daban-daban su zama ma'ajiya guda, kowane faifai da manhajar da ke kula da shi, wadda ake kira OSD, sannan wani lissafi mai suna CRUSH ne yake tantance inda kowane guntun bayani zai zauna. A tsarin da take zuwa da shi, kwafi uku take yi na komai, kowanne a sabar dabam. Saboda haka kashi ɗaya cikin uku kawai na faya-fayan da mutum ya saya zai mora, kuma ko wannan ɗin ba a cika shi, domin tana fara gargaɗi idan faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, ta daina karɓar rubutu gaba ɗaya a kashi 95. Wannan lissafin ne ya fi yi mini wuyar bayyanawa ga masu sa hannu a kan kuɗi.

Kuskuren farko nawa ne. Na sayi faya-fayan SSD irin na kwamfutar gida don su fi araha, alhali Ceph ba ta amsa cewa rubutu ya kammala sai ya tabbata a kan dukkan kwafin, kuma faifan da ba shi da kariyar ɗaukewar wuta yana jan ƙafa ƙwarai wajen irin wannan rubutu. Rumbun bayananmu na lissafi ya koma tafiyar hawainiya, ma'aikata suka yi ta ƙorafi, har sai da muka canja su da irin na cibiyoyin bayanai. Haka nan layin da ke tsakanin sabar: Proxmox ta ba da shawarar layi mai saurin aƙalla gigabit 10 a kowace daƙiƙa da aka ware wa Ceph kaɗai, kuma na tabbatar ba don ado aka faɗa ba. Kowane OSD kuma yana neman kimanin gigabayit 4 na RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wanda dole a cire shi daga rabon kwamfutocin kwaikwayo tun a takarda.

Da aka gyara waɗannan, sai na ga amfaninta. Ina iya mayar da kwamfuta daga wannan sabar zuwa waccan tana cikin aiki, mai amfani da ita bai ma sani ba, kuma faifai guda da ya lalace mana Ceph ce ta sake gina abin da ke cikinsa da kanta.

Inda na fi koyon darasi shi ne ranar da wata sabar ta ƙone bayan dawowar wutar lantarki da ƙarfi. Kwamfutocin da ke kanta sun tashi a kan sauran biyun, aiki ya ci gaba, amma Ceph ba ta iya warkar da kanta ba, saboda ƙa'idarta ita ce kwafi uku a sabar uku mabambanta, ga shi biyu ne suka rage, babu inda za ta kai na ukun. Muka zauna da kwafi biyu har kayan gyara suka iso. Da ta biyu ta tsaya a cikin kwanakin nan, ko da don sabunta manhaja ne, da komai ya tsaya cik, domin manhajojin sa ido guda uku, ɗaya a kowace sabar, da ke riƙe da taswirar ma'ajiyar suna bukatar rinjayen biyu, haka kuma rubutu ba ya yiwuwa da kwafi ɗaya tak. Ana yawan cewa sabar uku sun isa a kafa Ceph, kuma gaskiya ne, sai dai isar ta kafawa ce, ba ta kwanciyar hankali ba.

Na gwada wasu hanyoyin. Kwafin ZFS (wani tsarin ajiye bayanai a faya-fayan sabar guda) da Proxmox take aikawa tsakanin sabar ya fi sauƙin kulawa nesa ba kusa ba, kuma ya fi sauri domin faifan cikin gida yake amfani da shi, amma lokaci-lokaci yake tafiya, kowane minti 15 idan ba a taɓa saitin ba, ana kuma iya rage shi zuwa minti ɗaya, don haka abin da aka rubuta bayan kwafi na ƙarshe yana salwanta idan sabar ta mutu. LINSTOR da DRBD, manhajoji biyu da ke aiki tare wajen kwafar faifai tsakanin sabar, suna kwafi nan take, sun kuma burge ni a gwaji, sai dai ban ɗora musu aikin gaske ba. GlusterFS kuwa, wata manhajar haɗa faya-fayai irin Ceph, na fitar da ita daga lissafi, kuma Proxmox ma ta daina tallafa mata a fitowa ta 9 a 2025.

Ƙaramin reshenmu mai sabar biyu na bar shi a kan ZFS, domin asarar aikin minti ɗaya ba za ta durƙusar da kowa a can ba. A babban ofis za mu ci gaba da Ceph, amma na riga na sa sabar ta huɗu a kasafin kuɗin bana, tare da sababbin batura na na'urar riƙe wuta.