Hattara ɗalibai: kada ku karanto wa kowa lambar da WhatsApp ya turo muku

'Yan jami'a, a yi hattara da wata damfara da ke bin guruf ɗin aji ɗaya bayan ɗaya.

Baƙuwar lamba za ta kira ka. Mai magana zai ambaci cikakken sunanka da sashenka, ya ce ana tantance masu neman tallafin karatu, ko malami ya kira taro ta intanet, yanzu za a turo maka lambar shiga, ka karanto masa. Kuna cikin magana saƙon zai faɗo, lambobi 6. Kana gama karantowa WhatsApp ɗinka ya bar wayarka ya koma tasa. Shi ne ya saka layinka a wayarsa, kamfanin ya turo lambar tabbatarwa ga mai layin, kai kuma ka miƙa masa da bakinka. A jikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa, amma azalzalar da yake yi ba ta barin mutum ya karanta.

Sanin sunanka da ya yi ba tsafi ba ne. Mu muke baza komai: hoton katin shaidar makaranta a Facebook, takardar samun gurbin karatu da lambar rajista a fili, ga mahaɗin shiga guruf da ake ta turawa har ya faɗa hannun wanda ko ƙofar jami'ar bai sani ba. Shugabannin aji ma da laifinsu, don ba sa duba masu shigowa.

Da ya samu shiga WhatsApp ɗinka, sai ya bi abokanka da sunanka da hotonka: "Don Allah ranta mini kuɗi, asusuna ya maƙale, gobe zan biya ka."

Idan abin ya same ka, maza sake yin rajista da layinka, sabuwar lambar za ta fitar da shi. Sai dai in ya riga ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mutum ke zaɓa da kansa, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga. Tun 2017 tsarin nan yake cikin saitin WhatsApp, ɗalibai da yawa ba su taɓa kunna shi ba. Ka kunna naka yau, ka haɗa da imel.

Wanda kuma aboki ya nemi rance a wajensa ta saƙo, ya kira shi ta layin waya ya ji muryarsa kafin ya tura ko sisi.