Fitilar "ƙara kaifin ƙwaƙwalwa" da ake tallata wa ɗalibai a Bauchi

Da zarar jarrabawar JAMB ta ƙarato, wasu masu shagunan kayan waya da ke kewayen kasuwar Wunti sukan fito da wata 'yar fitila mai haɗe da iyafis, wadda suke cewa tana daidaita igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa domin karatu ya zauna daram. Ba ɗaliban sakandare kaɗai ake yi wa tallarta ba, har da iyayen yara masu haddar Alƙur'ani. Na saya wa ɗan ƙanwata ɗaya, kuma mun yi amfani da ita tare tsawon lokacin da ya isa a yi mata hukunci.

Ta fuskar ƙira, ba ta da wani babban aibi. Farar roba ce da ba ta wuce tafin hannu ba, maɓalli ɗaya gare ta, tana amfani da cajar waya, kuma batirinta yana kai zaman awa guda da takardar cikin kwalin ta yi umarni, abin da ke da muhimmanci ga duk wanda ya san halin wutar lantarki a unguwanninmu. Idan aka kunna ta a ɗaki mai duhu, haskenta yana rawa da sauri, iyafis ɗin kuma yana wata ƙara mai karkarwa a kunne. Na ɗauki bidiyonta da waya a tsarin da ke rage gudun hoto, mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, sai na ga tana mutuwa tana kamawa kusan a kowane hoto shida, wato sau 40 a daƙiƙa kamar yadda aka rubuta. A nan dai masu ita sun cika alkawari.

Matsalar tana kan hoton ɓera da sunan MIT, wata jami'ar kimiyya da fasaha a Amurka, da aka buga a jikin kwalin, domin da su ake cin kasuwa. Binciken da ake jingina da shi gaskiya ne. Tun da Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a Jamus a 1924 aka san cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna kaɗawa tare da sauri iri-iri, kuma mai saurin da ya haura sau 30 a daƙiƙa shi ake kira gama. A 2016 ayarin Farfesa Li-Huei Tsai na MIT ya wallafa a mujallar Nature cewa haske mai ƙiftawa sau 40 a daƙiƙa ya rage wani furotin mai suna amiloid, wanda ake alaƙantawa da cutar mantuwa, a sashen gani na ƙwaƙwalwar ɓeraye. A 2019 kuma suka ƙara da sauti, awa guda kullum har kwana 7, ɓerayen suka fi tuna wurare da abubuwan da suka taɓa gani.

Abin da kwalin ya yi gum a kai shi ne irin ɓerayen. An sauya musu ƙwayoyin halitta ne da gangan domin su kamu da alamomin cutar mantuwa ta Alzaima, saboda haka abin da aka gani sauƙi ne ga ƙwaƙwalwa mai ciwo, kuma babu inda aka gwada ko lafiyayyen yaro ɗan shekara 17 zai fi riƙe darasin kimiyya. Ko a ɓerayen ma, amiloid ɗin da ya ragu bayan zaman awa guda ya koma yadda yake cikin awa 24. Sa'an nan a 2023 ɗakin binciken György Buzsáki da ke Jami'ar New York ya sake gwajin hasken, bai ga ya jawo igiyar gama ta asali ba, bai ga raguwar amiloid da za a dogara da ita ba, kuma ɓerayen sun riƙa guje wa hasken. Magana ce da masana ba su gama sasantawa a kanta ba, amma mai shago yana faɗin ta kamar an yanke hukunci.

Akwai kuma inda umarnin fitilar ya yi karo da binciken da ya fi kusa da batun tuna karatu. Takardar ta ce a zauna da ita da dare bayan an rufe littafi. To, a 1994 masana biyu, Wilson da McNaughton, sun nuna cewa ƙwayoyin hipokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke da hannu wajen ajiye sabon abin da aka koya, suna maimaita aikin da suka yi a farke yayin da manyan ɓerayen gwaji suke barci. Wannan maimaicin yana tafiya ne tare da wasu gajerun kaɗe-kaɗe masu saurin kusan sau 150 zuwa 200 a daƙiƙa, kuma a 2009 da masu bincike suka riƙa katse su lokacin barci, dabbobin sun yi rauni wajen koyon inda aka ɓoye musu abinci. Yaron da zai tashi sallar asuba ya wuce islamiyya, idan aka cire masa awa guda daga barcinsa aka ba fitila, an ɗauke masa abin da hujja ta fi goyon baya ne.

A gidanmu ban ga wani sauyi a sakamakon tambayoyin gwajin da yaron yake amsawa ba, ko da yake yaro ɗaya ba ma'auni ba ne. Abin da ya fito fili shi ne ƙorafinsa: "Kawu, idanuna suna yin nauyi, kaina kuma yana sarawa." Wannan ya kai ni ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato babu gargaɗi ko layi ɗaya, da Hausa ko da Turanci, cewa haske mai ƙiftawa yana iya tayar da farfaɗiya ga masu ɗauke da irin wadda haske ke motsawa. Da na tambayi mai shagon, ya ce bai taɓa jin haka ba, kuma ba ya karɓar kayan da aka riga aka buɗe kwalinsu.

Kuɗin fitilar ya haura na rajistar jarrabawar kanta. Ba na ba iyaye shawarar sayenta don ɗalibi ko mai hadda, wanda kuma yake tunanin saya wa dattijon da mantuwa ta fara damunsa, ya fara kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa kafin ya kunna masa ita.