Bitar koyarwa da fim da na je, ga yadda ta kaya

Makon jiya firinsifal ɗinmu ya tura ni wata bita ta kwana uku da wata ƙungiya ta shirya wa malaman sakandare a nan Kano, wai yadda za a riƙa koyarwa da fim. Wlh don kuɗin mota na je, na ɗauka irin ta a ci shinkafa a sa hannu a watse ce.

Ranar farko malamar ta kunna wani guntun fim bai fi minti biyu ba, ta kashe sautin ƙurmus, ta ce to waye maigida waye yaronsa a nan? Duk muka faɗa daidai, ta ce ta yaya kuka gane alhali ba ku ji komai ba, sai muka yi tsuru-tsuru. Ashe kyamarar aka ajiye ƙasa tana kallon maigidan shi ya sa ya cika ido, yaron kuma daga sama aka ɗauko shi ya koma ɗan mitsitsi. Shekara nawa ina kallon finafinan Kannywood ban taɓa lura ba fa.

Ni malamin Hausa ne, rana ta biyu ce tawa. Muka karanta wani shafi a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan muka kalli wurin a fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, aka ce mu nemo me aka zubar me aka ƙara, musu ya kaure har lokacin azahar. Wani dattijon malami ya ce ai mu majigi muka sani, mota ta zo ƙofar fada a kafa farin ƙyalle a nuna tsafta da noman auduga.

Inda suka gaza, komai a kan furojekta da laftof suka gina shi, a ɗakin taro mai janareto, ni kuwa ajina yara sun haura tamanin ko soket babu. Na tambaya aka ce in yi da waya, waya ɗaya malam? Kuma ba wanda ya taɓo yadda za ka shawo kan iyaye, a garin da aka yi ta hayaniya kan ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa a 2016 har aka fasa.

Ni dai da na koma ajina na ciro hotuna huɗu daga wani fim na buga a shagon fotokwafi na manna a allo, ranar har 'yan bencin baya sai da suka ɗaga hannu. Satifiket kuma har yau shiru.