Kifi Maharbi a Kano: Na Ruwan Gishiri ko Na Ruwan Daɗi?

Wanda ke son kiwon kifi maharbi a akwatin gilashi, wato kifin nan mai tsartuwar ruwa ya kaɗo ƙwaro daga reshe, yana da zaɓi biyu. Nau'in Toxotes jaculatrix ya saba da inda kogi ke haɗuwa da teku a kudu maso gabashin Asiya, saboda haka sai an riƙa auna masa gishirin teku na musamman, domin na miya ba ya yi, ga shi yana iya kaiwa santimita 30, sai babban akwati. Shi kuwa Toxotes blythii na ƙasar Miyanmar ruwan daɗi ya ishe shi, kuma bai kai wancan girma ba. A ganina, a Kano da ke nesa da teku, na biyun ya fi sauƙin riƙo.