Kyanwar Unguwa ko 'Yar Farisa: Abin Dubawa Kafin a Fitar da Kuɗi

Kiwon kyanwa ya canza salo a garuruwanmu. Da can sai dai a ji magen maƙwabta ta haihu a ɗakin shirgi, a aiki yaro da kwali ya karɓo ɗaya, ba ko sisi. Yanzu kuwa a Kano da Kaduna da Abuja hotuna ne ke yawo a Instagram da WhatsApp: 'yar kyanwa fara sol, gashi buzu-buzu, an ɗaura mata ƙyalle a wuya, a ƙasa an rubuta farashin da wani lokaci yakan kai kuɗin tunkiya. Ba laifi mutum ya so abu mai kyau. Amma kyanwar da ake kula da ita takan yi shekara 12 zuwa 15, wata har ta wuce, don haka kuɗin da za ka miƙa ranar farko shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ta ci maka. Abinci, rigakafi da asibiti su ne ainihin cinikin.

Kafin a je ga farashi ma, akwai tambayar da mutane da yawa ke yi wa malamai: ya halatta a sayi kyanwa? Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya yi hani ga kuɗin kare da na kyanwa. Mafi yawan malaman mazhabobin nan huɗu, har da Malikiyya da muke bi, sun halatta cinikinta, suna ɗaukar hanin a matsayin karhanci ko kuma a kan wadda ba ta da amfani. Wasu kuma, irin su Ibn Hazm da Ibnul Ƙayyim, sun tsaya a kan haramci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da mafita mai sauƙi, domin kyanwar kyauta ba ta yanke a kowace unguwa ba.

To, wace iri? A ganina, ga mai zama a ƙasar Hausa wanda ba shi da tsayayyiyar wuta, kyanwarmu ta gida ta fi kowace. Asalin duk kyanwowin duniya daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar busasshiyar ƙasa, kuma tamu ba ta yi nisa da wannan ƙirar ba: gajeren gashi, dogayen ƙafafu, siririn jiki, manyan kunnuwa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a Kano, ya zarce haka a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, za ka same ta ta miƙe a gindin randa inda ƙasa ke da danshi, tana barcinta. Tana kamun ɓera, tana wanke kanta, ba ta bukatar mataji. Abin da ke rage mata daraja a idon mutane kawai shi ne arha, sai kuma camfin da ake yi wa baƙar cikinsu, wanda ba shi da tushe ko kaɗan.

'Yar Farisa, wadda ta fi kowace tashe a wurin masu sayarwa, kyakkyawa ce kuma ba ta da hayaniya. Ta dace da mai zaman bene ko gidan da ba tsakar gida. Sai dai a san abin da aka ɗauko. Gashinta yana bukatar taza kullum, in aka yi sakaci na 'yan kwanaki sai ya cukurkuɗe a hammata da ƙarƙashin wutsiya, har sai an kai ga aski. Wadda fuskarta ta baje, hanci ya shige ciki, ita ce ake ƙara wa kuɗi, alhali ita ce ta fi wahala: numfashi da ƙyar, hawaye kullum yana zubo wa yana barin jan sawu a gefen hanci, haƙora a cunkushe. In aka ɗauke wuta da tsakar rana ka ga ta buɗe baki tana haki, wannan ba gajiya ba ce, hatsari ne, domin lafiyayyar kyanwa ba ta haki irin na kare. Akwai kuma ciwon ƙoda na gado da ya yi yawa a wannan jinsin, inda ƙurarraji masu ruwa ke tsirowa a cikin ƙodar har su kashe ta. Ana iya gano shi ta hoton ciki ko gwajin ƙwayar halitta. Tambayi mai sayarwa ko an taɓa duba iyayen. Yadda zai amsa ma kaɗai zai nuna maka da wa kake ciniki. In lallai 'yar Farisa kake so, nemi mai cikakken hanci, ko ruwa biyu da ta gida, ta fi jure yanayinmu.

Akwai wata mai lanƙwasasshen kunne da ake kira Scottish Fold, wadda asalinta wata kyanwa ce da aka gani a wata gona a Sikotilan a 1961. Wannan kam ba na ba kowa shawarar sayenta. Lanƙwasar kunnen da ke ba mutane sha'awa alama ce ta lalurar guringuntsi, kuma lalurar ba ta tsaya a kunne ba, tana bin gaɓoɓi da wutsiya, dabbar ta girma cikin ciwo. 'Yar Siyam kuwa, ta ƙasar Tailan, gajeren gashi gare ta kuma zafi bai dame ta sosai ba, amma akwai surutu. In kana da maƙwabci mai saurin fushi, yi tunani.

Muzuru ko mace, bambancin ba shi da yawa idan za a yi musu aikin hana haihuwa. In ba za a yi ba, kowanne da rigimarsa. Muzuru yana fesa fitsari mai wari a bango da labule, ya tafi yawon dare ya dawo da kunne a yage, ba a ma maganar 'yan tsakin maƙwabta. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai, ta haifi uku zuwa biyar, kuma tana iya maimaitawa sau biyu ko uku a shekara. Daga nan ake samun waɗanda ake cusawa a buhu a kai bakin kasuwa ko juji a zubar. Fiɗiyar muzuru ƙaramin aiki ne, cire wa mace mahaifa ya fi tsada kuma yana son gwanin hannu. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiyar dabbar da ba a ci, wasu sun halatta idan akwai maslaha. Ka yanke wannan shawara tun kafin ta shigo gidan, ka sa kuɗin a lissafi.

Abinci shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Kyanwa ba kare ba ce, ba kuma kaza ba. Nama ne abincinta na dole. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya iya samar da isasshe, sai daga nama, musamman zuciya da kifi. A 1987 likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancinsa ne ke sa zuciyar kyanwa ta buɗe ta raunana, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abincinsu. Rashinsa kuma yana makantarwa. Kyanwar da ke yawo tana kama ɓera da ƙadangare tana cike giɓin da kanta, shi ya sa ta kakanninmu ta rayu a kan ragowar tuwo. Wadda aka kulle a ɗaki ba ta da wannan damar, abin da ka zuba mata shi ke nan.

Zaɓin uku ne. Busasshen abinci na leda, irin su Whiskas da Friskies da Royal Canin, shi ne mafi sauƙin sha'ani: ba ya lalacewa da wuri, ba ya bukatar firji, kuma in an rubuta cikakken abinci ne a jikin ledar, yana ɗauke da duk abin da ake bukata. Aibinsa biyu. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Sannan ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kyanwa kuma ba ta da yawan jin ƙishirwa, don haka muzurun da ke cin busasshe zalla a zafinmu yana iya samun matsalar mafitsara. In ka ga yana ta tsugunawa yana yunƙuri ba fitsari, a ranar za ka kai shi asibiti, ba gobe ba. Ka kuma guji wanda ake aunawa a kwano daga buɗaɗɗen buhu, ba ka san ranar lalacewarsa ba, ba ka san ma ko na kare ne ba. Na gwangwani ko na 'yar leda mai romo yana da ruwa kusan kashi 75 zuwa 80, ya fi dacewa da jikinta, amma ya fi tsada, kuma in ya yi sa'a guda a kwano da rana sai ƙuda da tsami.

Na uku shi ne dafawa a gida, wanda yawancinmu za su fi iyawa. Ka yi magana da mai kaji ya riƙa ajiye maka zuciya da ƙundu da yankakken nama, ka haɗa da dafaffen kifi da ƙwai. A ruwa zalla za a dafa. Ba albasa, ba tafarnuwa, domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, kuma wannan ya fitar da kusan duk wata miya tamu. Ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji. Hanta kaɗan-kaɗan, yawanta yana lalata ƙashi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. Nama zalla kuma ba shi da isasshen sinadarin ƙashi, shi ya sa ga wadda ba ta fita nake ganin haɗawa ya fi: busasshe mai kyau a matsayin tushe, dafaffen nama sau ɗaya a rana, ruwa mai sanyi a wuri biyu nesa da kwanon abinci. Madara kuwa, duk da yadda ake son ba ta, yawancin manyan kyanwowi zawo take sa su.

Maganar bayan gida ba ta da tsawo. Yashin gini a cikin faffaɗar roba ya wadatar, kuma shi mutanen Amurka ma ke amfani da shi, tare da toka, kafin wani ɗan kasuwa mai suna Ed Lowe ya fara sayar da busasshen yumɓu a 1947. Yashi ba ya riƙe wari, sai an riƙa canzawa akai-akai. Na kanti mai dunƙulewa idan ya jiƙe ya fi tsafta ga mai ɗaki ɗaya, amma kar a sa wa jariran kyanwa, suna haɗiya. Ko wanne ne, a kwashe kashin kullum, kuma mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin saboda wata ƙwayar cuta da ke iya taɓa abin da ke cikinta.

Kafin ka ɗauko kyanwar, nemo likitan. A Zariya da Sakkwato da Maiduguri akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'i, manyan birane kuma suna da asibitocin jiha da masu zaman kansu. Allurar farko ana yinta ne a wajen sati takwas zuwa tara, a maimaita bayan sati uku ko huɗu, ta ciwon haukan kare kuma daga wata uku. Wannan ta ƙarshen ba abin wasa ba ce a gidan da ke da yara, domin cutar tana nan a ƙasarmu kuma kyanwa ma tana ɗauka. Maganin tsutsar ciki da na ƙuma a karɓa daga hannun likita. Na kare mai sinadarin fametrin yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu. Farasitamol ƙwaya ɗaya tak ya isa ya kashe ta. Haka shinkafar ɓera da fiya-fiya, a zaɓi ɗaya: ko su ko kyanwa a gidan.

Ranar ɗauka, ka je da kanka ka ga uwar da inda suke kwana. Kar ka karɓi wadda ba ta kai sati takwas ba, in ta kai goma sha biyu ya fi, komai roƙon mai ita. Ɗaga leɓenta ka ga dadashi, ya zama ja-ja mai haske, ba fari fat ba. Leƙa kunne, baƙin datti mai kama da garin gawayi alamar ƙwari ne. Shafa gashin baya zuwa sama ka duba kashin ƙuma da tabon makero, wanda yara ke ɗauka da sauri. Ido ba kwantsa, hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Ciki ya kumbura amma haƙarƙari a waje, tsutsa ce. In ta titi ce ka tsinta, duk waɗannan ba dalilin barinta ba ne, yawancinsu suna jin magani, sai dai a ware ta a ɗaki ɗaya na sati biyu kafin ta haɗu da yara ko wata kyanwar. In kuma ta kuɗi ce, ka nemi katin rigakafi mai ɗauke da sunan asibiti da kwanan wata da hatimin likita, ka kira asibitin ka tabbatar kafin ka tura ko kwabo.